TAKARDAR GWAJI BA SHAIDAR ZINA BA CE: Tarihin ciwon sanyi, allura da ciwon hanta

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Limawa ya ja ni gefe. An sa ranar 'yarsa, an kawo lefe, kafinta ma ya gama gado. Da aka je gwajin kafin aure sai takarda ta nuna yarinyar tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Kafin magariba labari ya zaga dangin ango. Wata gwaggonsa ta ce a gaban mata, "To a ina ta kwaso? Ai wannan cutar 'yan bariki ce."

Dattijon ya ce da ni, "Malam, yarinyar nan a gabanka ta tashi. Daga gida sai makaranta sai islamiyya. Yau kwana biyu ko ruwa sai an matsa mata take sha. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ko akwai abin da ban sani ba?"

Na ce, "Baba, akwai abin da ba ka sani ba, amma ba game da ita ba ne. Ni ɗin nan da nake tsaye a gabanka, ina ɗauke da irin wannan ƙwayar."

Shekara tara ke nan da na sani. Na je ba wa mai ɗakina jini lokacin haihuwa, aka ce nawa ba zai yi ba. Da aka gwada gidanmu sai ga ta a jikin mahaifiyarmu da ƙannena biyu. A ranar na gane abin da ya kashe yayanmu, wanda cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, muka yi ta cewa sammu ne. Tun daga lokacin nake bibiyar tarihin wannan cuta. Kuma abin da na gano shi ne, tambayar da gwaggon nan ta yi, manyan likitocin duniya sun shafe shekaru da dama suna yin ta, suna kuskure, suna gyarawa. A asibitocin masu ciwon sanyi da tunjere aka yi mafi yawan wannan muhawara.

A 1910 aka fara sayar da wani magani a Jamus mai suna Salvarsan, wanda Paul Ehrlich da abokan aikinsa suka haɗa. Shi ne maganin tunjere na farko da ya yi aiki sosai. Allura ce ta jijiya, kuma akwai guba a cikin haɗinta, don haka a hankali ake ba da ita, mako bayan mako. Ba a jima ba likitocin Turai suka lura da wani abu: masu zuwa karɓar allurar nan da yawa, bayan wata biyu ko uku, sai shawara ta kama su, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Wasu suka ce tunjeren ne ya taɓa hanta. Mafi yawa suka ce gubar maganin ce. Aka zauna a kan haka sama da shekara 30.

Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji suka cika asibitocin nan a Ingila, gaskiya ta fito. A 1943 da 1944 wasu likitoci suka nuna cewa idan aka tafasa sirinji sosai tsakanin majiyyaci da majiyyaci, shawarar nan kusan ɓacewa take yi. Ashe ba maganin ba ne, ba kuma tunjeren ba ne. Ɗan guntun jinin da yake saura a cikin sirinji ne yake ɗauko wata ƙwaya daga jikin wannan ya zuba a jikin wancan. Mutum ya zo neman maganin wata cuta, ya koma gida da wata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 1947 wani likitan Ingila, MacCallum, ya raba wa abin suna: wadda ake ɗauka ta gurɓataccen abinci da ruwa ya kira ta A, wadda take bin jini ya kira ta B.

Irin wannan ta faru a Afirka ma. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, lokacin Turawan Beljiyam suna kiran ta Leopoldville, akwai wani asibitin masu ciwon sanyi da ake tilasta wa matan da ba su da aure su riƙa zuwa a kai a kai ana duba su. Wadda gwajin jininta ya nuna alamar tunjere sai a ɗora ta a kan allurai. Ana yi wa ɗaruruwan mutane allura a rana da 'yan sirinjin da ake ɗaurayewa kawai. A 1953 wani likita a birnin ya rubuta rahoto a kan shawarar da take biyo bayan alluran nan. Wani likita ɗan Kanada, Jacques Pépin, wanda ya tono takardun zamanin ya fitar da littafi a 2011, yana ganin ta wannan hanya ce ƙwayar ƙanjamau ma ta samu ƙarin yaɗuwa tun kafin duniya ta san da ita. Ga kuma abin da ya fi taɓa ni: da yawa daga cikin matan ba tunjere gare su ba. Wata cutar gyambon fata ce da suka yi tun suna yara a ƙauye, 'yar uwar tunjere amma ba ta hanyar kwanciya ake ɗaukar ta ba, gwajin lokacin kuma ba ya iya bambance su. Takarda ta faɗi abu ɗaya, mutane suka karanta wani abu dabam. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Tunjere da ciwon sanyi tsofaffin baƙi ne a ƙasar Hausa, shi ya sa muke da sunayensu da harshenmu. A 1943 gwamnatin Turawa ta kafa doka ta musamman a kan waɗannan cututtuka a Najeriya, saboda yadda suka addabi barikokin soja a lokacin yaƙi. Bayan yaƙin sai fenisilin ta iso. Mutumin da ya yi wata yana kuka wajen fitsari, allura ɗaya ko biyu sai ya miƙe garau. Ina jin daga nan ne kakanninmu suka ɗauki imanin cewa magani in ba allura ba ne to wasa ne. Dattawa suna tuna masu allura da suke bin kasuwanni da akwati, sirinjin kwalba guda ɗaya, layi kuma har ya yi kwana. Ita kanta fenisilin ɗin ba ta daɗe tana cin kasuwa ba. A 1976 aka gano nau'in ciwon sanyin da ba ya jin ta, kuma wanda aka gani a Ingila an danganta shi da Afirka ta Yamma. Shan magani barkatai da yanke shi a rabi su suka koya wa ƙwayar taurin kai.

Duk wannan lokacin babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar nau'in B, babu kuma gwajinta. A 1965 wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya ba da rahoton wata baƙuwar alama da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Shi ba ciwon hanta yake nema ba, bambancin jinin al'ummomi yake bincike. Bayan shekara biyu zuwa uku aka tabbatar alamar nan ta ƙwayar ciwon hanta ce. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar ita kanta a Landan da na'urar da take girmama ƙananan halittu. Blumberg ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yau ranar ciwon hanta ta duniya. Alamar da ya gano ita ce har gobe ake nema a jinin amarya da ango.

Da gwaji ya samu sai labari ya sake juyawa. Likitoci sun riga sun sakankance cewa allura da ƙarin jini ne kaɗai hanyoyin nau'in B. Amma a 1973 Dane da abokan aikinsa suka gwada jinin masu zuwa wani asibitin ciwon sanyi a Landan, a zamanin da an riga an gyara maganar sirinji. Suka tarar alamun ƙwayar sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a, musamman waɗanda suka yi mu'amala da mutane da yawa. Bincike a wasu ƙasashe ya tabbatar: ƙwayar tana cikin maniyyi da ruwan gaban mace, kuma tana wucewa ta kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa saurin kamuwa da ita ya ninka na ƙanjamau sau 50 zuwa 100, tana kuma iya yin kwana bakwai a busasshen jini a kan reza ko almakashi ba ta mutu ba.

Kun ga ke nan ƙofa biyu ce ta tabbata a kan mai ciwon sanyi: ƙofar shimfiɗa, da ƙofar allurar da ya je nema a ɓoye.

Shi ya sa da aka haɗa rigakafi, a cikin waɗanda suka fi kamuwa ta kwanciya aka gwada shi. Daga 1978 zuwa 1980 Wolf Szmuness ya jagoranci gwaji a New York a kan maza 1,083, aka ga kariyar ta haura kashi 90 cikin 100. A 1981 Amurka ta amince da rigakafin. A shekarar ne kuma wani bincike a Taiwan a kan maza sama da 22,000 ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar su ne kansar hanta ta fi kamawa nesa ba kusa ba.

A 1981 ɗin dai duniya ta fara jin labarin wata sabuwar cuta, wadda muka zo muka sa wa suna ƙanjamau, 'yan gari kuma suka ce kabari salamu alaikum. A 1986 Najeriya ta sanar da samun ta, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Shekaru aka yi ana musu, ana cewa cutar Turawa ce, ana cewa ba ta kama Musulmi. Sai a watan Agustan 1997, da ƙaninsa Fela ya rasu, Olikoye ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ita ce ta kashe shi. Wallahi ba ƙaramar jarumta ba ce mutum ya faɗi haka a kan ɗan uwansa na jini.

Ƙanjamau ce ta koya wa duniya ainihin abin da ciwon sanyi yake yi wa jiki. A 1989 masu bincike a Nairobi suka bi mazan da suka zo asibiti da ciwon da suka ɗauko a wajen mata masu zaman kansu. Waɗanda suke da gyambo a gabansu, da waɗanda ba a yi musu kaciya ba, su suka fi kamuwa da ƙanjamau. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fatar al'aura kamar katangar gida ce. Gyambon tunjere ko ƙuraje masu fashewa ɓaraka ce a jikin katangar. Ciwon sanyi kuma, ko bai yi gyambo ba, yana jawo kumburi, yana tara sojojin jini a wurin, su kuwa su ne abincin ƙwayar ƙanjamau. A 1997 wani bincike a Malawi ya nuna cewa mazan da suke da ƙanjamau tare da ciwon sanyi, yawan ƙwayar a maniyyinsu ya ninka na marasa sanyin wajen sau takwas, da aka yi musu maganin sanyin kuma ya sauka.

A yankin Mwanza na Tanzaniya, tsakanin 1991 da 1994, aka gwada wani abu mai sauƙi: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a ajiye musu maganin ciwon sanyi na gaskiya, a ja hankalin jama'a su zo da wuri. Sabbin masu kamuwa da ƙanjamau suka ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Gaskiya ne, da aka gwada makamancin haka a Rakai ta Uganda ba a ga irin wannan raguwar ba, masana suka ce saboda cutar ta riga ta yi nisa a can. Amma darasin ya zauna: ciwon sanyin da aka yi wa riƙon sakainar kashi ƙofa ce a buɗe ga abin da ya fi shi.

Akwai ta uku, nau'in C, wadda Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano a 1989. Ita halinta dabam. Tsakanin miji da mata da wuya take wucewa ta kwanciya. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2013, a kan ma'aurata 500, ya ƙiyasta sau ɗaya cikin saduwa 190,000. Inda aka ga tana bin kwanciya sosai shi ne a biranen Turai daga wajen 2000, tsakanin maza masu neman maza da suke da ƙanjamau, sau da yawa tare da tunjere ko gyambo, wato inda jini yake shiga cikin lamarin. Babbar hanyarta ita ce allura da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Masar ce shaida. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya, irin fitsarin jinin nan da yaranmu na bakin kogin Haɗeja suka sani, da sirinjin da ba a tafasa sosai ba. Aka wayi gari wajen mutum ɗaya cikin goma na manyan ƙasar yana ɗauke da nau'in C. Manoma ne, limamai ne, iyaye mata ne. Da za a bi hukuncin gwaggon ango, da an ce ƙauyukan Masar kaf 'yan bariki ne. Su ba su tsaya zargin juna ba. A 2018 da 2019 suka gwada kusan mutum miliyan 50, suka ba wa masu ita magani kyauta, wanda yake warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a wata uku. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Masar a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin ƙoli a hanyar kawar da cutar.

To mu dawo gida.

A 2018 aka yi babban binciken gida-gida a kan ƙanjamau a Najeriya, marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sakamakonsa a watan Maris na 2019. Ƙanjamau: kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a faɗin ƙasa. Jigawa da Katsina su ne mafi ƙaranci, kashi 0.3. Muka ce alhamdu lillahi, kuma abin godiya ne. Amma a cikin wannan binciken akwai lissafin da ba mu yi ta yaɗawa ba: ciwon hanta nau'in B, kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato wajen mutum ɗaya cikin sha biyu. Nau'in C kuma kashi 1.1. Ranar Juma'a ka dubi sahun da kake ciki ka yi lissafi. Kuma ga abin da nake so gwaggo ta ji: a maza kashi 10.3 ne, a mata 5.8. Maza sun kusa ninka mata.

A ina duk waɗannan mutane suka kwaso? Nan ne ilmin ya sha bamban da tsegumi. Idan ƙwayar B ta shiga jikin babban mutum, mafi yawan lokaci jikinsa yakan kore ta cikin 'yan watanni. Ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaunar musu. Amma idan jariri ta kama, tara cikin goma za ta zauna musu har abada, shiru, babu ciwon kai babu zazzaɓi, sai bayan shekara 30 ko 40 ta nuna kanta a hanta. Saboda haka a yankinmu na Afirka ta Yamma, mafi yawan waɗanda gwaji yake nuna suna ɗauke da ita tun suna ƙanana suka samu: wajen haihuwa daga uwa, ko kafin su shekara biyar daga 'yan uwa da abokan wasa, ta gyambo da ƙuraje da cizo. Sai ka ƙara da askar wanzami guda ɗaya a kan jarirai da yawa ranar suna, cire beli, shayin yara a jere, ƙaho, tsaga, mai yankan farce da almakashinsa daga majalisa zuwa majalisa. Budurwar da aka samu da ita ranar gwajin aure, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ta fi shekara goma sha biyar tana tare da ita, tun ba ta san hannun damanta ba. Kamar matan Kinshasa, takarda ta faɗi labarin ƙuruciyarta, mutane suka karanta labarin mutuncinta.

Kuma da rigakafi ya zo mana da wuri da ba haka ba. Gambiya ta fara yi wa jarirai tun 1986. Mu sai 2004 ya wadata a cikin rigakafin yara na ƙasa, daidai lokacin da jita-jitar allurar shan inna ta 2003 da 2004 ta sa iyaye da yawa a Arewa suke ɓoye 'ya'yansu daga kowace irin allura. Duk wanda aka haifa kafin nan, kusan ka ce bai samu ba. Har yau ma allurar farko a cikin awa 24 na haihuwa ake so a yi ta, mu kuwa mafi yawan haihuwa a karkararmu a ɗaki ake yi, sai bayan suna ko arba'in ake tunanin asibiti.

Kar wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce kwanciya ba ta yaɗa ta ba. Tana yaɗawa, tarihin da na kawo ma shi ya nuna haka. Amma ku dubi inda haɗarin yake na gaskiya. Magidanci ya yi tafiya ya dawo, bayan kwana huɗu fitsari yana yi masa zafi, farin ruwa yana fita. Kunya ba za ta bar shi ya je asibiti ba, kar ya haɗu da wanda ya sani. Sai ya lallaɓa kyamis da daddare a yi masa allura, ko ya sayi jarkar maganin sanyi wajen masu lasifika a kasuwa. Zafin ya lafa, ya ce ya warke. Ba a gwada shi ƙanjamau ba, ba a gwada tunjere ba, ba a gwada hanta ba. Matansa biyu ko uku ba wadda ta sani, ga shi ciwon sanyi a jikin mace sau da yawa ba ya nuna alama sai ya toshe mata hanyar haihuwa. Bayan wata shida ita ta mayar masa da shi. In an rabu, ita ta tafi wani gidan da shi, shi ya kawo wata. Ƙwayar B ko ƙanjamau in ta biyo wannan hanya, ƙarshenta a jikin jariri take sauka. Wasu daga cikin masu ɗaga murya a kan 'yar mutane, da za a tambayi masu kyamis abin da suka sani... to, laifi tudu ne.

Su ma iyayenmu mata a yi musu adalci. Ba duk abin da ake kira sanyi ne ake ɗauka ta kwanciya ba. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwan da yake zuwa wa mace ko budurwa saboda canjin jiki, ciki, ciwon suga ko yawan shan magani. Gwaji ne kaɗai yake bambancewa, ba mai lasifika ba, ba kuma kishiya ba.

Gwajin kafin aure abu ne mai kyau. Tun auren zawarawan da Hisbah ta fara a Kano a 2012, ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, aka sa gwajin ƙanjamau a cikin sharuɗɗa. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da sikila da ciwon hanta B da C kafin ɗaurin aure. A nan Dutse ma an saba, ana neman takarda. Amma mun koyi karɓar takarda, ba mu koyi karanta ta ba. Takardar da ya kamata ta tsaya tsakanin likita da mutum biyu sai ta bi hannun waliyyi da gwaggo da ƙawar uwa. Malamai sun karantar da mu hukuncin ƙazafi a Suratun Nur: shaidu huɗu, in babu kuwa bulala tamanin a bayan mai faɗa. Ban taɓa jin malamin da ya ce takardar ɗakin gwaji tana tsayawa a madadin shaidu huɗu ba.

Abin da na gaya wa dattijon nan shi zan maimaita. Wanda aka samu da nau'in B ya je babban asibiti, irin Rasheed Shekoni a nan Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, a duba lafiyar hantarsa da yawan ƙwayar. Ba kowa ne yake buƙatar magani ba, wasu bibiya kawai ake yi musu. Masu buƙata akwai ƙwayar Tenofovir da take danne ta. A guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hanta ce take shan wahalarsu. A gwada duk 'yan gida. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida. Mai ciki ta gaya wa ma'aikatan awo, jariri kuma a yi masa allurarsa ranar da ya faɗo. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko buta, ko zufa. Reza da buroshi da abin yankan farce ne kowa ya riƙe nasa. Mai ciwon sanyi kuma ya daure ya je asibiti, ya nemi a haɗa masa da gwajin ƙanjamau da tunjere da hanta, a yi maganin tare da iyalinsa gaba ɗaya, a ƙaurace wa shimfiɗa har a gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni mai ɗakina ta yi rigakafi, yaranmu huɗu duk an yi musu, duk an gwada su, babu mai ita. A kaina ta tsaya, in sha Allahu.

Ga yadda ake ciki yanzu. An gwada gidan dattijon, aka samu mahaifiyar yarinyar da ƙaninta ɗan shekara 16 suna ɗauke da ita. Angon, Allah Ya yi masa albarka, ya ce shi yana nan a kan bakansa. An gwada shi ba shi da ita, ya karɓi allurar farko, an ɗaga biki zuwa lokacin da likita ya ce. Sai dai yarinyar har yau ba ta koma islamiyya ba. Maganar da aka yi a tsakar gida ɗaya ta riga ta shiga gidaje ashirin, magana kuwa zarar bunu ce. Gwaggon ba ta je ta ba da haƙuri ba tukuna. Ita ma, kamar yawancinmu, ba ta taɓa yin gwajin ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin 'ya'yan mutane.

Limawa, Dutse.